Tsarabar da Mama Laraba Ta Kai wa Aladu

Masana sun ƙarar da tawada mai yawa wajen binciken abin da ke rushe dauloli. Wasu suka ce yaƙi, wasu suka ce haraji, wasu suka ce lalacewar 'ya'yan manya. Ni kuwa, bayan shekarun da na yi ina koyar da ilmin noma a makarantar kwana, da waɗanda na yi ina gantali a ƙasar Ingila, na tsaya a kan ra'ayi ɗaya, kuma ba na jin zan sauya shi: babu abin da ke yanke wa ɗan Adam makoma kamar abin da yake yi da ragowar abincinsa. Akwai al'ummar da ke juye shi a kwandon shara ta rufe murfi ta manta. Akwai wadda ke ganin zubar da shi zunubi ne da za a tambaye ka a kansa. Ni na tsinci kaina a tsakaninsu, a gonar aladu, da takalmin roba a ƙafata.

Zangona na farko Hulme ne, unguwar ɗalibai a Manchester. Wani ɗan garinmu mai suna Sabo shi ya kama mini masauki tun ina gida. A waya ya ce, "Malam Nura, flat ne, ga university nan kana hango ta ta taga." Bai yi ƙarya a kan tagar ba. Sai dai flat ɗin ɗaki ɗaya ne, gado ɗaya, mu biyu: ni da wani mutumin Sudan mai gadin kanti. In ya shigo da safe ni na fita, in na dawo shi ya tafi. Gadon nan bai taɓa hucewa ba. Kowannenmu kuma an ba shi ɗakin ne a matsayin nasa shi kaɗai. Da na je wa Sabo da ƙorafi, sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba Malam, ai a nan kowa managing yake yi." Daga ranar wayarsa ta kamu da wata larura: duk lokacin da na kira, ba ta shiga.

Mutumin Sudan ɗin nan ban taɓa zama da shi mun yi hira ba. Na fi sanin ƙanshin man da yake shafawa fiye da yadda na san fuskarsa. Amma da sanyi ya shigo ya ga rigar da na rataye, wadda mai gwanjo a gida ya rantse mini ko a Rasha za ta yi, sai wata rana na dawo na tarar da jibgegiyar jaket a shimfiɗe a kan gado. Shi ya ajiye mini ita. Ni kuma ban samu ganinsa na yi masa godiyar da ta dace ba kafin ya bar gidan.

Digiri na biyu na zo yi a kan lafiyar dabbobi, da niyyar in koma in yi wa shanun ƙasarmu hidima. Malamar da aka haɗa ni da ita ta saurari wannan buri cikin ladabi, har da gyaɗa kai, sannan ta sanar da ni cewa kuɗin binciken da ke hannunta na aladu ne. Aikina shi ne in bi diddigin yadda ƙwayoyin cuta na bairos ke shiga garke ta abinci da ruwan sha. Na ce mata ni Musulmi ne. Ta ce ba a buƙatar in ci sakamakon.

To, na duƙufa, tunda karatu ne kaɗai sana'ar da na iya. Kuma in za a yi adalci, abin ya kama ni. Akwai cutar da ake kira zazzaɓin aladu na Afirka. Sunan nahiyarmu dai ba ya rasa inda za a liƙa shi. Ba ta taɓa mutum. Za ka ci naman, ka kora da ruwa, ka kwana lafiya. Amma in ta shiga alade sai ya ƙi abinci, kunnuwansa su yi ja su koma shuɗi-shuɗi, garke ya cure wuri guda, cikin 'yan kwanaki a fara kwasar mushe. Ba ta da magani. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne haƙurinta. Gishiri ba ya kashe ta, hayaƙi ba ya kashe ta, firiza kuwa gidan hutu ce a wurinta. Tana iya yin wata da watanni cikin ƙyafaffen nama tana jira. Guntun tsoka ɗaya da aka jefa a kwami ya isa. Alade ɗaya ya ci, ya tsoma baki a ruwan da sauran ke sha, shi ke nan. Ragowar aikin takalmin mai kiwo da tayar mota ne za su ƙarasa shi.

Zango na biyu Whalley Range, wata unguwar a Manchester ɗin, inda manyan gidaje suke, da manyan mutanenmu a cikinsu. Can gidan Likita Kabiru yake, wanda ya girme ni da aji biyu a sakandare. Duk ƙarshen mako ana taruwa a falonsa, injiniyoyi da akantoci da likitoci, a ci tuwo da miyar kuka a gyara Najeriya da baki. Ni kewar gida ce ke kai ni, da yunwa, ba zan ɓoye ba. Loma ɗaya ta tuwon nan takan sa in ji kamar zan ji muryar mahaifiyata daga tsakar gida.

"Malam, wai me kake researching ne?" in ji wani akanta.

"Dabbobi."

"Waɗanne iri?"

"Masu ƙafa huɗu."

Na yi wata biyu ko uku ina tsira da wannan amsa, har ranar da Likita ya ga bangon kundina a jaka ya karanta da ƙarfi. An yi dariya har da masu share hawaye. Wani ya ce ashe gwamnati ta turo ni in koyo abin da za a koma a yi wanka bayan an yi. Na taya su dariya, don baƙo a falon mai arziki ba shi da wata hanya. Mako na gaba aka kawo abinci, kowa a farantin tangaran, ni a na takarda, irin wanda ake jefarwa in an gama. Babu wanda ya ce komai. Mutane ne masu tarbiyya.

Da na gama karatu, biza ta ba ni ɗan lokaci in nemi mai ɗaukar nauyin takarduna, in ban samu ba in tattara in koma. Likita ya ce, "Kada ka damu, zan yi maka magana da wani." Wannan wani har yau ban san sunansa ba. Na nemi aiki a ɗakunan gwaji da kamfanonin abincin dabbobi har na gaji da karanta kalmar baƙin ciki a farkon amsa. Mutum ɗaya ce ta ce in zo: Maggie, wata dattijuwa mai ƙaramar gonar aladu a bayan garin Birmingham. Ta ce in na yi aiki ta gamsu, bayan cinikin Kirsimeti za ta ɗauki nauyina. A kan wannan alkawari na jingina duk abin da na mallaka. Mahaifiyata kuwa na gaya mata ina aiki a fannin kiwon lafiya. Babu kalma ɗaya ta ƙarya a ciki.

Haka na sauka a Lozells, wata unguwa a Birmingham, zango na uku. A wani kantin kayan miya na ji wani mutum yana faɗa da waya da Hausa, na tsaya kamar an kira sunana. Shi ne Bitrus, direban bas, mutumin wajen Kafanchan. Yana da ɗaki a sama babu kowa. Da na gaya masa aikina, a hankali, ina jiran a miƙo mini farantin takarda, sai ya jingina da bango ya yi ta dariya.

"Musulmi na kiwon alade, ni ɗan mai alade ina tuƙa bas! Malam, Ingila ke nan. Kwaso kayanka."

A gidan na tarar da mahaifiyarsa, Mama Laraba, wadda ta zo wankan jegon matarsa. Jego ya ƙare, matar ta koma aiki, Mama ta rage a falo da jariri da talabijin. Manyan jikokin suna magana da ita cikin Turancin Birmingham, wanda ni da na yi shekaru ina koyarwa cikin Turanci ma sai na kasa kunne sau biyu. Sai ya zama ni ne abokin hirarta. Tun ranar farko, ba tare da na roƙa ba, ta ware mini tukunya da cokali ta ɗaura musu jan zare, ta ce duk wanda ya taɓa su da naman da ba nawa ba zai gamu da ita. In na dawo daga gona jikina na wari, ita kaɗai ce ba ta toshe hanci. Sai ma ta ja numfashi ta ce, "Kai, ɗana, ka kawo mini gida."

Aladu ne suka yi wa Bitrus makaranta. Da dusar burkutu da ragowar tuwon unguwa ta raine su, shekara da shekaru. Sai kafin ta taso zuwa Ingila, cuta ta shigo ƙauyen ta share su.

"Hassada ce," in ji ta. "Matar ƙanin mijina ce. Ta zo ta tsaya a bakin shinge ta ce, kai, Laraba, naki sun yi ƙiba. Kafin sati ya zagayo sun fara kwanciya."

Na gyara zama irin na malami, na yi mata bayanin ƙwayar da ido ba ya gani, wadda ke bin abinci da ruwa da tafin ƙafa. Ta saurara har na gama.

"To ai ita ce hassadar, Malam. Kun dai sauya mata suna ne don a biya ku albashi."

Gonar Maggie kuwa masarauta ce mai dokoki. A bakin ƙofa akwai kwanon ruwan magani, ba mai shiga sai ya tsoma takalmi. Kayan aiki ba sa fita, kayan gida ba sa shiga. Abincinka na rana a mota ko a kicin za ka ci shi, ko ɓawon burodi ba ya ƙetare shinge. A ƙasar nan laifi ne a doka ka ba alade duk abin da ya ratsa ta kicin, ko da ganye ne. Maggie ba daga littafi ta koyi wannan ba. Ta ga shekarar da annoba ta sa aka tara dabbobin ƙasar ana ƙonewa, na mahaifinta a ciki, kuma an ce daga ragowar abincin da aka ba aladu abin ya faro. Ta ce har yanzu in maƙwabci ya ƙona shara sai ta rufe taga.

Mun yi zaman lafiya da ita. Ba ta da yawan magana, ni kuma aladu ba sa buƙatar lacca. Na koyi wanke kwami, da duba kunne da ido kowace safiya, da sanin wace ce ta tashi da fushi. Da azahar nakan wanke jikina in sauya kaya in yi salla a rumbun ciyawa, Maggie kuma ta hana karenta zuwa wajen ba tare da na nema ba.

Wata rana ina ba ta labarin Mama, sai ta ajiye bokiti ta ce, "Kawo ta ta gan su." Na tuna mata cewa matar ta fito ne daga inda cutar take. Ta ce watanni sun wuce, za a ba ta takalmi da riga, tsohuwa ce mai kewar dabbobinta. "Ni ma in aka kai ni wata ƙasa aka zaunar a falo, zan so wani ya yi mini haka."

Ranar Asabar aka yi bikin godiyar jariri a coci, aka dawo gida aka ci aka sha har da 'yan Manchester. Lahadi da rana Bitrus ya ɗauko mu a motarsa. Na ga kular abinci a bayan mota, na ɗauka ta wani ce da za a mayar masa a hanya.

Ban taɓa ganin Mama kamar ranar ba. Ga zanen coci, ga ɗaurin kai, ga takalmin roba na Maggie har gwiwa. Ta tsaya a bakin shinge ta yi wani sauti da harshe, sai ga aladun Ingila, waɗanda ba su taɓa jin ko kalma ɗaya ta yarenta ba, sun taho a guje. Ta sosa wa wata ƙatuwa bayan kunne, ta duba ƙafafunta, ta ɗaga wa Maggie babban yatsa. Tsofaffin nan biyu suka yi ta hira, kowace da harshenta, suna dariya a wuri ɗaya. Ni tafinta ban ma samu aikin yi ba.

Sai Maggie ta ce za ta je ta ɗora shayi, ni kuma in leƙa can ƙarshen gona in rufe famfon da ke yoyo. Bitrus yana jikin mota yana waya. Na tafi. Famfon ya ƙi rufuwa sai da na nemo sifana.

Da na dawo, Mama tana duƙe a kan kwamin ruwa, wanda shinge biyu ke sha daga cikinsa, tana ɗauraye kular nan. A kwamin abinci kuwa aladu sun haɗa kai suna ta tsotsar ƙasa. Ƙwayar shinkafa ja ce kaɗai ta rage a gefe.

"Mama, me kika ba su?"

"Tsaraba mana. In zo gidan mutane hannu rabbana? Wace irin tarbiyya ke nan?" Ta girgiza kular ta juye ruwan a kwami. "Jiya ina kallo matar Bitrus za ta juye rabin tukunya a shara. Na ce Yesu, a gabana? Ga bayin Allah can suna cin ƙwayoyi busassu kamar magani."

"Shinkafa ce kawai?"

"Da tuwo, da ƙasusuwa. Da ɗan naman da na zo da shi daga gida, wajen da ya fara fumfuna. Mai kyaun na sa a farfesu jiya."

Na ce, "Naman me, Mama?"

Ta dube ni da tausayi, kamar yaron da bai gane darasi ba. "Kada ka damu, ba a tukunyarka na dafa ba. Na aladena ne, na ƙarshen. Da na ga ya fara kasala ban jira ya mutu a banza ba, na sa aka yanka aka ƙyafe. A cikin zannuwa na naɗe shi, ba wanda ya tambaye ni a filin jirgi."

Kundina gaba ɗaya, babi-babi, yana tsaye a gabana da zanen coci yana murmushi.

Na ja Bitrus gefe na gaya masa. Ya kashe wayar. Ya dubi gidan Maggie, ya dubi uwarsa, ya rage murya.

"Wa ya gani?"

"Ni."

"To, kai ka gani, ni na ji, Allah ya gani. Mu ukun duk masu rufin asiri ne."

"Yaya Bitrus, in abin nan yana cikin naman, kafin Kirsimeti babu alade ɗaya da zai rage a nan. Kuma ba nan kaɗai ba. Motar da ke kawo mana abinci ita ke kai wa maƙwabta."

"In yana ciki. In! Mu nawa muka ci naman nan jiya? Fasto har ƙari ya yi. Ka ga wanda ya faɗi?"

"Ba ta kama mutum."

"To ai ka ji! Malam, uwata visitor ce a ƙasar nan. In suka rubuta sunanta, ba za ta sake ganin jikokinta ba. Kai kuma papers ɗinka a hannun matar nan suke. Ka shiga mota mu tafi. Kai ne mai degree, ka yi lissafi."

Na yi lissafin. In na yi shiru kuma babu komai, na samu takarduna, na riƙe ɗakina, Mama ta koma gida da labarin ranar da ta fi kowace daɗi a Ingila. In na yi shiru kuma akwai, kowace safiya zan riƙa duba kunnuwan nan ina sane da abin da nake jira, motar abinci na shiga tana fita. Da ban yi karatun nan ba, da na shiga mota da zuciya ɗaya. Wannan ne kaɗai amfanin da digirina ya taɓa yi mini: ya hana ni shiga mota.

"Ka yi haƙuri, Yaya."

"Malam!"

Na tarar da Maggie ta jera kofuna huɗu, ta yanka kek. Na gaya mata a tsaye. Ba ta ɗaga murya ba. Tambaya uku ta yi: an dafa naman ko ƙyafe shi kawai aka yi, wane shinge ne, kuma ya taɓa ruwa? Da ta ji amsa ta uku sai ta zauna. Can ta miƙe ta ɗauki waya. Ta taga na hango Bitrus yana tura uwarsa cikin mota, tana waiwaye tana nuna masa takalmin Maggie da ke ƙafarta. Suka tafi da shi.

Kashegari likitocin gwamnati suka zo cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa. Aka ɗaure ƙofar gona: ba dabbar da za ta fita, ba motar da za ta shiga. Ni aka ce in zauna a wani tsohon ɗakin tirela da ke bayan rumbu, kada in yi ta yawo da takalmina a gari. Cutar takan ɗauki lokaci kafin ta nuna kanta, saboda haka babu abin yi sai jira. Bayan 'yan kwanaki ƙatuwar da Mama ta sosa wa kunne ta ƙi cin abinci. Aka dawo aka ɗebi jini. Maggie ta daina cin nata abincin ita ma. Kullum sai in hango ta a bakin shinge da sassafe, hannu a aljihu, tana ƙirga masu motsi.

Ba ta jira ƙarshen jiran ba. Ta kira ni kicin ta ce, "Ka yi abin da ya dace, Nura, kuma ba zan taɓa mantawa ba." A Ingila in aka fara maka magana da yabo, ka fara tunanin inda ka ajiye jakarka. Mahaucin da ke sayen aladunta na Kirsimeti ya koma wajen wani. Masu duba ingancin gona sun dakatar da shaidarta, sun kuma rubuta cewa baƙuwar ta shigo ne ta hannun ma'aikaci. Ba ta da abin biyana, balle na ɗaukar nauyin takardu.

Na ce, "Ke kika gayyace ta."

Ta ce, "Na sani." Ta dubi taga. Ta ci gaba da dubanta har na gane an gama.

Aka sa na yi wanka da magani, na bar takalmi da kayan aiki a can, na hau bas zuwa Lozells. Bitrus ne ya buɗe ƙofa. Jakunkunana suna bayansa a ɗaure, an riga an sauko da su.

"Sun zo har kicin ɗina da fararen kaya, maƙwabta na leƙe," in ji shi. "Sun kwashe firiza. Sun zaunar da uwata suna mata tambayoyi kamar ɓarauniya. Tun ranar muke hanyar GP, likitan unguwa, jininta ya ƙi sauka. Ta ce a mayar da ita gida kafin a ɗaure ta."

"Ba za a ɗaure ta ba. Gargaɗi kawai za a..."

"Kai ka sani. Kai ka san komai, Malam."

Daga sama na ji muryarta, ta yi ƙasa sosai. "Bitrus, Malam ne? Ka ce ya shigo ya ci abinci. Tukunyarsa na nan."

"Ya ƙoshi, Mama," in ji shi, ya miƙo mini jaka ta ƙarshe ya rufe ƙofa a hankali, don gidan na haya ne daga hukuma, ƙofar council ce.

Babu inda zan nufa sai Manchester. Likita Kabiru ya ba ni ƙaramin ɗakin da suke ajiye akwatuna, kuma ina gode masa, don bai zama dole ba. Labari ya riga ni isa. Mutanenmu a ƙasar nan ba su da lokacin ziyara, amma suna da lokacin waya. Ya saurare ni yana juya makullin mota a yatsa.

"Da ka yi shawara da ni," ya ce. "Mutum ya rasa aiki, ya rasa gida, ya ɓata da mutanen da suka riƙe shi, ya ɗaga wa tsohuwa jini, duk a kan alade. Malam Nura, wannan case ɗin ko a Lahira zai yi wuyar bayani."

Na so in gaya masa cewa da cutar ta fita, da gonaki da yawa sun zama toka, da mutanen da ba su taɓa jin sunana ba sun yi kuka. Na so in ce ai shi ma da ya ga alamar annoba a asibiti ba zai yi shiru ba. Amma ina cin tuwonsa, kuma mai masauki ba a kayar da shi a muhawara. Na ce haka ne, ranka ya daɗe.

Na ci gaba da neman mai ɗaukar nauyi har lokacin ya ƙure. A hirar aiki biyu aka tambaye ni dalilin barin gonar, na faɗi gaskiya, aka yaba mini ƙwarai, aka raka ni har ƙofa. Na ji an ce Mama Laraba ta koma ƙauye tun kafin bizarta ta ƙare, ta kuma ce ko da kuɗi aka haɗa ta ba za ta sake taka ƙasar da ake kiran hukuma don an ciyar da dabba ba. Na kira Bitrus in yi mata sallama, wayarsa ta kamu da irin larurar wayar Sabo. Na sayi tikitin komawa. Na fara shirya abin da zan gaya wa mahaifiyata game da fannin kiwon lafiya, da abin da zan gaya wa shugaban makarantarmu in ya yarda ya mayar da ni aji.

Ina cikin ɗaure kaya saƙon Maggie ya shigo, gajere kamar maganarta. An buɗe gonar. An gwada jini, an gwada naman da aka kwashe a firiza, ba a samu komai ba. Ƙatuwar da ta ƙi abinci haƙori ne ya tsage mata. A garken kaf babu wanda ya ko yi tari. An sayar wa mahauci, an yanka su a watan Janairu.